Furen da Ya Zo Kai Ƙasa

Inna Mai Fure, maƙwabciyarmu, ba ta taɓa sayen takardar zane ba. Tsohon hoton ƙirjin mijinta na asibiti ta samu, ta yanke siffar fure a jiki da reza. Sai ta manna a bango, ta dangwala soso a fenti, ta bubbuga, ta ɗaga, ga fure ya fito. Haka ta ƙawata ɗakinta da rigunan filo na rabin unguwa.

"Malam, ƙirjinka ya fi ka aiki," take tsokanarsa.

Ran nan ya ji haushi, ya ƙwace soson, ya buga nasa a bayan ƙofa. Ashe a juye ya riƙe hoton, furen ya fito kai ƙasa kamar jemage. Ta yi shekaru tana masa dariya.

Bayan rasuwarsa, ɗanta ya kawo mai fenti a sabunta ɗakin. Ya nuna bayan ƙofa, ya ce, "Inna, da wannan mummunan za a fara."

Ta tare wurin da bayanta. "Shafe nawa duka, rezata na nan. Wannan kuwa, mai shi ba zai sake yin wani ba."

Har yau jemagen yana rataye a farin bango.