Jar Zaiba a Keken Yaya

A unguwar ana kiransa Injiniya, ba don ya taɓa gyara komai ba. Rediyoyin da ya buɗe sun fi goma, babu wadda ta sake tari. Shekararsa hamsin da ɗoriya, yana zaune a ɗakin ƙofar gidan yayarsa tela, wadda kekenta na ɗinki ke ciyar da gidan kaf, har da shi da faffaɗan bakinsa. Ta daɗe da raina wayonsa, amma ciki ɗaya suka fito, sai ta zuba masa abinci ta kawar da kai.

Wata rana ya dawo daga majalisa da labari: wai a cikin tsofaffin kekunan ɗinki an ɓoye jar zaiba, ɗigo ɗaya ya sayi gida. Tun ranar yake zagaya keken kamar kyanwa ta ji ƙamshin kifi.

'Yar telar malamar kimiyya ce. Ta ɗauko jadawalin sinadaran da take koyarwa da shi, ta shimfiɗa a kan teburin yanka. Ta nuna masa cewa duk abin da ke duniya, daga allura har ƙashin jikinsa, da waɗannan sinadarai ɗari da 'yan kai aka gina shi. Ta ɗora yatsa a gidan zaiba.

"Kawu, ga ta nan. Guda ɗaya ce, launin azurfa, babu wata ja. Keken Mama ƙarfe ne kawai."

Ya dubi takardar a juye, ya taɓe baki, ya ce ai masu zana ta ba wawaye ba ne da za su rubuta mai tsadar kowa ya gani.

Ranar da telar ta tafi asibiti dubiya, ya sa wa keken guduma. Ta dawo ta tarar da kan keken a rabe gida uku, kusa da yadin mutane da ta yi alkawarin gamawa jibi. Ba abin da ya fito sai baƙin mai da dunƙulen zare. Shekara talatin tana taka keken nan, yau ga ta a tsugune tana tsintar kusoshinsa cikin zani.

Injiniya ya share gumi, ya ƙura wa ƙafar keken ido, ita kaɗai ta rage.

"Yaya, ina jin a ƙasa suka sa ta. Ɗan matsa."