Bangon Zauren Gwaggo Tambara

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai gun Gwaggo Tambara a Tawa, zamanin Faransawa, ya san ba ta naɗe abinci da fuskar mutum. Kukun gidan kumandan kan kawo mata tsofaffin mujallun Madam, matar kumandan, don ƙunshi, ita kuwa sai ta bi su shafi-shafi. Inda hoton mota ne ko kwalbar turare, a zuba ƙosai. Inda fuskar 'yan sinima ce, sai ta yanke, ta shafa ƙaro, ta manna a bangon zaure.

"Ɗiyan mutane ne," in ji ta. "Wa ke son a shafa ma ɗiyatai mai ga hanci?"

Ni ɗan wanta ne, kuma ni ke karanta mata, tunda na ɗan yi lakwal, makarantar Faransawa. Allah ya sani ban taɓa yin karatun nan hankali kwance ba. Ina tsoron zunubin gulma, ina tsoron in fassara ba daidai ba, in ɗora wa wata baiwar Allah sakin da ba a yi mata ba. Shi ya sa take kirana Abdu Wataƙila.

Sunayensu sun ƙi zama a bakinta, sai ta raɗa musu nata: Dogo, Mai-Wushirya, da Ta-Bambeye, wai don ta yi kama da wata mai nono daga can. Bangon kuma da tsarinsa. Ma'aurata suna gabas, kafaɗa da kafaɗa. Gwauraye suna bakin ƙofa, inda kaji ke wucewa.

Ran da na karanta mata cewa Dogo ya rabu da Mai-Wushirya, ta yi salati, ta ɓamɓare hoton matar, ta sake manna shi a kife, fuskar ga bango.

"Gwaggo, mi ke nan?"

"Idda."

"Ai Nasara ce, Gwaggo."

"To, Nasara ba ta ɗaukar ciki?"

Kai! Wata uku masu sayen ƙosai suna leƙe suna tambaya ko ta fita. Gwaggo ta ce duk wanda ya ɗaga takardar nan, ita da shi har gaban alƙali.

Kuku kuwa ba bi da bi yake kawo mujallun ba, abin da hannunsa ya kai shi ke nan. Wata safiya sai ga Dogo da Mai-Wushirya cikin kayan biki, suna ta murmushi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito.

"Sun koma! Na san yaron nan ba ya da mugun hali!"

Na duba shekarar da ke kan shafin. Tsohon bikinsu ne, tun kafin rabuwar. Na yi ta jujjuya zancen a raina, na ga in na yi shiru ina da hannu cikin ƙarya. Na daure na faɗa mata.

"Wanne ya iso Tawa daga baya?" ta ce.

"Na bikin."

"To, shi ne labari. Kai ka kashe aure da karatunka, Allah ya gyara, kana neman ka sake kashe shi?"

Ana cikin haka matata Rabi ta yi yaji, ta tafi gidansu a garin Barmu. Ta gaji da tambayoyina ne: an rufe randa? An kashe wuta? Kin tabbata? Na yi niyyar biko, amma kullum na tashi sai wani tunani ya tare ni. Wataƙila mahaifinta bai huce ba. Wataƙila na yi sauri. Wataƙila na riga na makara. Har aka yanke gero ina nan ina wataƙila, gida ya yi tsit, ni kuma ina ramewa.

Ran nan na zo zauren, na tarar da mutane suna ta dariya. Na duba bango. Ragowar hoton da aka ɗauke ni don katin aiki ne, manne a bakin ƙofa, ƙarƙashin wani mai gashin baki da ya saki mata uku.

"Gwaggo, don girman Allah ki cire! Ni ban yi saki ba!"

"Ina matar?"

"Tana Barmu."

"Kai kana Tawa. To, wurinka ke nan, kai da kaji. Dogo ma, da ke bayan teku, ya yi biko."

"Gwaggo, ai na ce miki waccan takarda..."

"Ga jaki can na aro, ga goro cikin ƙwarya. Hau."

Na hau. Duk maganar da na shirya a hanya ban samu na faɗe ta ba, don labari ya riga ni isa. Surukina ya dube ni ya ce, "Abdu, an ce an manna ka." Sai na ji dariyar Rabi daga bayan dannin kara. Tare muka dawo.

Rabi ba ta da hoto. Gwaggo ta mai da nawa gabas, ta yago ɗan ƙyalle daga gefen zanen Rabi, ta manna shi kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Yana nan har ta rasu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Tambara, ya haskaka kabarinta. Yadda ba ta yarda ta ga kowa shi kaɗai a bakin ƙofa ba, Allah kada ya bar ta ita kaɗai. Amin.