Ranar da Na Ɗauko Inna a Mota

Shekarar da aka bar mata su yi tuƙi a Saudiyya muna zaune a unguwar Shifa a birnin Riyadh, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi tafinta ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Motar ofis ke ɗaukarsa da safe, tamu kuma ta wuni a ƙofar gida lulluɓe da tamfol. Ko ciwon kunne ya kama yaro sai na jira ya dawo.

Ƙofarmu tana kallon ta wata 'yar Indiya, ma'aikaciyar jinya a unguwar Ulaya, mabiyar addinin Hindu. Da guntun Larabcin kasuwa muke hira, in ya ƙare mu koma nuni da hannu. Ta iya mota tun a ƙasarsu. Wata rana ta tarar da ni a bakin titi da 'yar autata a goye, jikinta zafi rau, ina ta ɗaga wa tasi hannu. Ta kai mu asibiti, a hanyar dawowa ta ce ranar Juma'a za ta fara koya mini.

Maigida bai hana ba, amma bai yi murna ba. Damuwarsa 'yan garinmu na Maraɗi da yake shan shayi da su, ya san za su ce matarsa ta ƙwace masa sitiyari. Na ce masa ai ba su ke tsayuwa a rana da yarinyar ba. Washegari na ga makullin motar a kan firij.

A wani fili bayan unguwa muke yi, bayan la'asar. Ba ta da haƙuri ko kaɗan, in na taka birki da ƙarfi sai ta dafe goshi ta ce yalla, sake. Daga baya na shiga makarantar tuƙi, na je gwaji na faɗi wurin yin baya. Na dawo na zauna a kicin ɗinta ina kuka, na ce wataƙila gaskiyar mazan ce.

Tana murza ƙullin gurasa ta ba ni labarin mahaifinta. Ta ce mutum ne mai zafi, kowa tsoronsa yake. Amma duk shekara suna da biki na girmama ƙarfin mace, wanda suke kira shakti, kuma a ranar ƙarshe yakan tara ƙananan 'yan matan unguwa, ya durƙusa ya wanke musu ƙafa, ya zuba musu abinci da hannunsa.

"Ina cikinsu," ta ce. "Na ga babana a durƙushe a gabana ina 'yar mitsitsiya. Tun daga nan ban yarda wai ba zan iya abu ba."

Na ce mata mu ma uwar muminai ta farko 'yar kasuwa ce, maza take ɗauka aiki. Ta ce to me nake wa kuka, ta miƙo mini gurasa mai zafi. A karo na biyu na ci gwajin.

Da Inna, mahaifiyata, ta gama umara ta biyo ta Riyadh ta gan mu, ban gaya mata komai ba. A filin jirgi maigida ya saka kayanta a but, ya buɗe mata gaba, shi ya shige baya da yara. Na zauna a kujerar direba. Ta dube ni, ta waiga ta dube shi, ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ni ce dai direbarmu yanzu, kuma na fi shi iya fakin.

Inna ta riƙe gefen kujera tana salati har muka hau babban titi. Matar nan ta yi shekaru tana tafiya kasuwannin ƙauye a ƙafa da tallan ƙuli-ƙuli a ka. Da ta ga na wuce wata tirela ban ko girgiza ba, sai ta saki kujerar, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Yara suka fashe da dariya, wani Balarabe a motar gefe ya leƙo.

Da muka shigo Shifa ta ce kada in tsaya gida tukuna, in ƙara zagayawa da ita. Ta ciro waya ta kira ƙanwarta a Maraɗi, ta juya mata kyamara tana cewa ta duba da kyau ta ga wa ke jan ta.