Sati Shida Ba Dukhan

Shekarun baya, tun muna zaune a unguwar Alsawra, ƙanwata ta kusa kashe min aure da sunan ilimi. Lokacin tana shekarar ƙarshe a karatun likita, kuma sai ta kawo bincike kafin a yaye ta. Duk cututtukan duniyar nan ba ta ga abin bincika ba sai dukhan, turaren tsugunon matan aure: a haƙa rami, a zuba garwashi da itacen ɗalih, mace ta zauna a kai ta lulluɓe da bargo har ta jiƙe da gumi. Wai tana so ta san me yake yi wa fata, me kuma yake yi wa ƙirji.

Masu yin dukhan ba su yi mata wuyar samu ba, kowane gida akwai. Wahalar ita ce matan auren da za su yarda su bari na sati shida don a kwatanta. Malaminta ya ce in ba ta cike adadin ba, sai dai ta maimaita shekara. Saura mace ɗaya, sai ga ta a ɗakina tana marairaicewa.

"Yaya, ke kaɗai kika rage min. Sati shida ne bas, ba ƙari. Amma don Allah kada Yumma ta ji."

Dole kam kada ta ji. Mahaifiyarmu dilka take haɗawa, haɗin nan na goge jikin mata, tana sayar da itacen dukhan, kuma da wannan sana'ar ta kai yarinyar jami'a. A ce 'yar da aka raina da hayaƙi ta dawo tana tuhumar hayaƙin, ai ba daɗin ji. Maigidana ma ban gaya masa ba, don shi in ya zauna gaban Yumma ko ciwon haƙori ba ya iya ɓoyewa.

Abin da muka manta ni da likitar gobe shi ne, a wurinmu matar aure ba ta barin dukhan sai in takaba take yi, ko kuwa gida ba lafiya. Kuma matan unguwarmu da hanci suke jin labari. A sati na uku maƙwabciyata ta rungume ni a gidan suna, ta shaƙa, ta sake shaƙa, sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Malesh, 'yar'uwa. Haƙuri dai, duk haka muke zaune." Ni kuwa na ce na gode, ban ma san gaisuwar mece ce ba.

Saura kwana tara a gama, ranar Juma'a bayan la'asar, rakasha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar gida. Yumma ce ta sauko, a bayanta kawunmu da aka ɗauko tun daga Jabal Awliya, wanda ba a kiransa sai aure ya zo gargara. A ƙarshe ƙanwata, an ɗora mata ɗaurin itace, idonta kamar na akuyar da aka kai kasuwa.

Aka zaunar da maigidana a tsakar gida. Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, ba faɗa muka zo ba. Mace ba ta fushi har ta kashe raminta a banza. Ka duba zuciyarka, me ka yi mata?"

Bawan Allah ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ga dai an san wani abu. Ya share gumi, sannan ya ce, "Kawu, tunda an gane, gaskiya ne. In na tashi daga aiki a kasuwar Suk al-Shabi nakan tsaya in ci ful, dafaffen waken nan, kafin in iso gida. Asidarta gudaji ne da ita, ni kuma ina jin nauyin faɗa."

Shekara bakwai ina tuƙa wa mutumin nan tuwon asida, yana cewa "tamam, tamam", wai ta yi daidai. Ni da nake ganin ni ce mai sirri a gidan, ashe ƙaramar 'yar wasa ce.

Yumma ko gezau. "Wannan ba laifinka ba ne, tun tana budurwa haka take tuƙi," in ji ta. Ta kori mazan zuwa zaure, ta nufi ramina da ya yi ƙura, ta hura wuta da hannunta. Da ƙamshin ɗalih ya tashi, wallahi sai da ƙafafuna suka fara tafiya da kansu. Ta miƙo min bargo.

"Tashi ki zauna, ya bitti, 'yata. Yau za a rufe bakin unguwa."

Na kalli ƙanwata. In na zauna ko na minti biyar ne, shekararta ta tafi. In na ƙi, na ƙi uwata a gaban wutar da ta hura. Tsoro ya kama ni sosai, amma na ce, "Yumma, ki yafe min, ba zan zauna ba."

Sai yarinyar ta durƙusa ta zazzage komai, tana kuka tana ambaton malaminta. Yumma ta daɗe tana kallon garwashin. Na ɗauka yau sai tsinuwa.

"To me kika gano?" ta tambaya.

"Ban gama ba, Yumma. Amma da alama waɗanda ke yi a ɗaki a rufe sun fi yawan tari."

"Shekara shida kina jami'a don ki gano abin da nake gaya wa kowace amarya kyauta? Rami a tsakar gida ake haƙa shi, inda iska take." Ta fizge bargon daga hannuna. "Ke kuma matsa daga hayaƙin nan, kada ki ɓata mata aiki. Kwana taran ki su cika, wadda ta yi magana a unguwa ta zo ta same ni."

Daga nan ta ce itace mai kyau ba zai ƙone a banza ba, ta zauna a kan ramin da kanta, don gwiwoyinta.

Ƙanwata ta fita likita a shekarar. Har yau in tana gaya wa mata su bar yin dukhan a ɗaki a rufe, Yumma kan ce, "Ɗalibata ce." Ni kuma na koyi tankaɗe gari sau biyu, kodayake maigidana bai bar ful ba.

Yanzu mun yi nisa da gidan nan na Alsawra, ban san halin da ramin yake ciki ba, kuma ina kewarsa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mun sha wahalar ɓoye wa Yumma abu sati biyar don muna tsoron za ta zaɓi sana'arta. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu don wa take shaƙar hayaƙin nan tun farko ba.