Motar da Ta Farka da Kanta

"Kai! Ɗauke hannunka!"

Haka maigidana Malam Lawali ya daka mini tsawa jiya a garejinmu na Gusau. Satina uku ke nan da zuwa daga Kwatarkwashi koyon gyaran AC.

Wata Hajiya ta kawo mota haibirid, mai aiki da fetur da lantarki, a canza mata kwamfuresar AC. Na leƙa wajen injin, babu bel ɗin da ke juya kwamfuresar, sai wata waya mai kauri ruwan lemo. Da na ji motar shiru, na miƙa hannu zan cire ta.

Na ce, "Malam, ai a kashe take."

Ya ce, "Wagga? Lumshe ido ta yi. Wutar da ke wayar nan, bijimin babanka ma sai ta kayar."

Bai rufe baki ba injin ya tashi da kansa, ba kowa ciki. Wallahi sai na yi tsalle na ja da baya.

Sai da ya kashe ta, ya sa safar roba, ya zare filogin babban batirin da ke bayan motar, muka zauna jiran sauran wutar ta sauka kafin ya taɓa noti ɗaya.

Da ya makara da ƙiftawar ido, da yau ana zaman makokina a gida. Ikon Allah!

Ku da kuka daɗe a harkar, mi ya fara tsorata ku?