Na San Ƙafar Abakar, Ban San Cikinsa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Abakar, kuma har yau in na shiga kasuwar Garwa sai wani ya riƙe mini hannu ya ce, "Hamisu, Allah ya jiƙan amininka." Nakan ce amin. Kalmar aminin ce ban taɓa samun yadda zan gyara ba.

Ga waɗanda ba su riske mu ba, kaka shida muka yi a ƙungiya ɗaya. Shi yana tsakiya yana raba ƙwallo, ni ina gaba ina jefawa a raga. Ɗan Kuseri ne. Ya zo mana da Larabci a baki, Hausarsa ta ciniki ce, Fulatanci kuwa sai gaisuwa. Yawancin ƙwallayen da aka san ni da su daga ƙafarsa suka fito. In ya sunkuyar da kafaɗar hagu, na san za ta bi ta bayan mai tsaron baya. In ya taka ta da tafin ƙafa, na san jira yake in dawo daga satar gida. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba.

Da an hura tashi kuwa, kowa sai ya kama gabansa. A motar ƙungiya shi yana can baya ya jingina kai da gilashi, ni ina gaba cikin masu karta. Ban taɓa shiga ɗakinsa ba, bai taɓa cin tuwon gidanmu ba. Ba gaba muke yi ba. Jininmu ne bai haɗu ba sai a kan ciyawa.

A kakarmu ta uku wasu suka zo daga wata ƙasar Larabawa suna neman sa. Wuri ne da ya dace da shi, har harshen nasa ne. Furezidan na ƙungiya ya ƙi sa hannu. Ya ce shanun huɗa ba a sayar da ɗaya a bar ɗaya. Da 'yan jarida suka tambaya, sai ya ce musu Abakar ne da kansa ya ƙi tafiya, wai ba zai iya rabuwa da Hamisu ba. Labarin ya yi wa gari daɗi, aka ɗauka. Ni kuwa ina tsaye a bakin ofis ranar, na ga fitowarsa, idanunsa jajur. Ya wuce ni ko sallama babu. Da aka zo nemana daga kudu a kakar da ta biyo, amsar da aka ba shi ita aka ba ni. Kowannenmu ya zama turken ɗan'uwansa.

A wasan da ya biyo bayan ranar ofis ɗin nan, sau biyu ya ajiye mini ƙwallo a gaban gola. Wannan shi ne abin da mai kallo ba ya ganewa game da sana'armu. Yana ganin runguma bayan an ci, ya ɗauka ƙauna ce. Wani lokaci ƙauna ce. Wani lokaci kuwa mutum biyu ne da abincin kowanne yake a ƙafar ɗayan, kuma babu mai hanyar fita.

Ciwon shawara ne ya ɗauke shi, a gida, lokacin hutun kaka, bai cika talatin ba. Na ci gaba da wasa bayansa, amma sabo turken wawa. Ina ta sheƙa gudu zuwa inda ƙwallo ba za ta zo ba. Yaron da aka sa a gurbinsa gwani ne, ba laifinsa. 'Yan kallon da suke kiran sunana jiya suka koma yi mini ihu, "Hamisu, wa kake jira?" Na rataye takalmi, na buɗe shagon kayan babur.

Nakan zauna a shagon ina kallon yaran yanzu a waya. Suna ɗaukar hoto kafaɗa da kafaɗa, kowa ɗan'uwan kowa ne, kafin damina ta zagayo rabinsu sun canza riga. Tsofaffin 'yan wasa suna cewa ƙwallo ta lalace, babu amana. Ban san ko Abakar zai ce haka ba. Ina jin zai daɗe yana kallon yaron da ya ɗauki jakarsa ya tafi inda yake so. Wataƙila kuma ya lura, kamar yadda nake lura, cewa ba sa daɗewa tare har wani ya san numfashin wani. Wanne ya fi, ban sani ba. Mu mun samu ɗaya ne domin an hana mu ɗayan.

Inda labarin furezidan ya fi ɗaure ni shi ne Kuseri. Ranar ta'aziyya mahaifiyarsa, Hajja Zara, ta kama bakin rigata ta ce, "Kai ne wanda ya zauna dominka." Gaban jama'a ne, ga gawa ba ta daɗe da fita ba. Na sunkuyar da kai. Tun daga nan duk shekara nakan hau mota, in kwana a Marwa, in ƙarasa wurinta. Takan dafa mini kifi, ta zauna ta ce in ba ta labarin ɗanta, domin tun yana saurayi ya bar gabanta. Ni kuwa ba ni da komai sai wasanni. Na ba ta su ɗaya bayan ɗaya har na fara maimaitawa. Nakan ce wa kaina ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Idan na faɗi gaskiya, na ƙwace wa tsohuwa abu guda da take taƙama da shi, kuma na rufe wa kaina ƙofar gidan.

Bana na same ta idanunta sun yi rauni. Na fara labarin wani wasa, ta ɗaga hannu.

"Wiledi," haka take kira na, wato ɗana, "ƙwallon nan ta ishe ni. In kun zauna ku biyu, me yake ce maka?"

Na ce, "Hajja, ba mu taɓa zama mu biyu ba. Kuma ba shi ya ƙi tafiya ba. Hana shi aka yi, da sunana."

Ta nuna wata ƙofa da hannu. Sai ta ce, "A ɗakin can ya yi kukansa. Ni na shafa masa baya. Na ɗauka kai ne ka yarda da zancen furezidan ɗin nan, shi ya sa na bar maka." Ta gyara mayafi. "Shekara nawa kana cinye mini kifi a kan ƙarya, ja'iri. To me ka sani nasa, ban da gudu?"

Abu ɗaya na tuna. A kakarmu ta ƙarshe gwiwata ta dama ta samu matsala. Na ɓoye wa koci, na ɓoye wa kowa, domin in an sani benci ne, daga benci kuwa sai gida. Ban gaya wa Abakar ba. Amma tun daga makon nan bai sake ba ni ƙwallon da za ta sa in juya a kan ƙafar dama ba. Duk ta hagu yake ajiye ta, a hankali, inda zan same ta ba tare da na murɗa ba. Har kakar ta ƙare bai ce mini uffan ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Da ya so, kalma ɗaya a kunnen koci ta isa a ajiye ni, shi kuma a sake shi.

Hajja ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shi ne. Tun yana ƙarami, in ka ce ya miƙo wuƙa, ƙotar yake juyo maka."

Ban rubuta wannan ba sai da na nemi izininta. Ba ni da hirarsa da zan adana, ban san abin da yake ba shi dariya ba, kuma yanzu na tabbata bai ji daɗin shekarunsa na ƙarshe a Garwa ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne wannan: bai zaɓe ni ba, da sunana aka tare masa hanya, ya kuma samu damar huce haushinsa a kaina bai yi ba. Allah ya buɗe masa ƙofar da aka rufe masa a nan.