Gangar Noma Ta Yi Sanyi

Damina uku ke nan Baba bai riƙe galma ba. Tun da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Galadi muka dawo Ƙaura, ya sami gindin katanga ya zauna. Mutumin da ba a fara gayya sai ya iso, yanzu sai an yi da gaske yake cin tuwo. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Ni kuwa na san abin da nake gani: ubana yana ƙarewa a zaune.

Makaɗan noman garinmu su biyar ne. Kafin a watse sun taɓa shiga situdiyo suka yi albam guda, ganga zalla, mai zafi, har da kirarin Baba a ciki. Kabu-kabu nake yi, duk wanda ya hau bayana sai ya sha kiɗin nan, ko yana so ko ba ya so. Baba kaɗai ya hana a sa masa, don wasu da aka wasa a ciki sun riga mu gidan gaskiya.

Da na ji sun fitar da na biyu, sai na sa rai. Na ce sabon kiɗi ne, ba sunan mamaci, ƙila ya motsa shi. Na bar aiki na tafi Kasuwar Daji aka tura mini a memori. Ko a hanya ban saurara ba, na ce tare za mu ji. Na sa a 'yar rediyo, na ajiye gabansa, na ƙure murya.

Gurmi ya fara fita. Na jira gangar. Ta zo, amma can ƙasa-ƙasa, kamar ana daka a gida na uku. 'Yan amshi suna jan murya, ba ihu, ba kirari. Waƙa shida, duk haka. Baba yana nan jingine inda yake. Ni ko raina ya ɓaci, na fita na bar rediyon a nan.

Ran kasuwar Shinkafi na kai fasinja, sai na hango shugaban makaɗan a rumfar masu igiya, ashe sana'arsa ke nan yanzu. Sa'an Baba ne, amma ko gaisuwa ban gama ba.

"Kawu, mi kunka yi haka? Wanga kiɗin noma ne ko na zaman makoki? Ubana na zamne, na so ku tashe shi!"

Ya dube ni, ya ci gaba da murza igiyarsa.

"Zamna, ɗana. Kai ka ɗauka mu ka jan manomi? Shi ka jan mu. In ubanka ya duƙa, galmatai nika dubi, inda ta sauka nan nika bugawa. Albam na hwarin, daga gona munka tahi munka yi shi, hannu da zahi. Yanzu biyu na Zurmi, mu uku nan, mun shiga ɗaki ba kowa gabanmu. Mun gwada sauri, sai ya hito kamar ƙarya. Kuma wa ka buga ganga cikin daji yanzu, shi kira ɓarayi?"

Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Na yi masa sallama na hau babur.

Da la'asar na shiga gida na ji gurmin nan yana tashi. Baba yana jingine da katanga, rediyon a cinyarsa. Haushi ya sake taso mini, na miƙa hannu zan kashe.

"Bar shi," ya ce. Rabona da jin muryarsa an kwana biyu. "Wanga ina iya bin shi."

Ya kamata in ji daɗi ya yi magana. Wallahi ban ji ba, tsoro na ji, don kiɗin zama kaɗai yake iya bi yanzu. Na zauna gefensa muka saurara har waƙar ƙarshe, bai tashi ba.